Ɓarawon Ranar Lahadi

Ni ba na cikin matan da ke riƙe magana a ciki har ta zame musu ciwo. Abin da aka yi wa Odessa Gaither a cikin gidanta a kan idona aka yi shi, kuma wanda ya yi har yau yana zama a layin gaba a cocinmu da gogaggiyar farar riga. Shi ya sa zan faɗa.

Shingen katako ne kawai tsakanin gidana da nata a nan garin Saginaw na Amurka. Tun da mazajenmu suka rasu, duk Lahadi in an tashi daga coci a wurinta nake cin abinci. Ita ke dafa ganye da naman talotalo, ni nake kawo burodin masara, don nata, Allah ya ji ƙanta, ko kare sai ya yi shawara kafin ya ci. 'Ya'yanta biyu. Wendell ne babba, ya dawo gidan da zama tun da zuciyarta ta fara ba ta wahala. Renita kuwa ta gudu daga gidan mijinta Alonzo a farkon kaka, daga ita sai kayan jikinta. Ko wayarta a kan tebur ta baro, don da ita yake bibiyar duk inda ta sa ƙafa. Dukanmu mun san dalilin gudun. Mun sha ganin ta da baƙin tabarau a cikin coci, muka ce ƙila ciwon ido ne.

Bayan tafiyarta da 'yan makonni, muna cikin cin abinci wayar Odessa ta yi ƙara. Ta ɗago ta, ta nisanta ta da idonta, ta karanta abin da ke kan allon a hankali.

"Ɓoyayyar lamba," ta ce, ta kife wayar a kan tebur. "Ɓarawon ranar Lahadi ne. Wancan makon ma ya kira."

"Ki ɗauka mana ki zage shi," na ce. "Ni in suka kira ni sai na tambaye su lafiyar uwarsu."

"A'a, Verna. Wendell ya ce in ban ga suna ba kada in taɓa. Wai kina cewa halo sun ɗauke muryarki, su je su yi ta'asa da ita."

Ba zan ce ƙarya ya yi mata gaba ɗaya ba. Masu damfarar tsofaffi sun addabe mu. An taɓa kiran Odessa aka ce jikanta yana hannun 'yan sanda, ita da ba ta da jika ko ɗaya. To amma ta riƙe wannan doka ta Wendell kamar a Littafi Mai Tsarki ta karanta ta. Suna shi ne komai a wurinta. Ni kaina in na kira ta daga wayata, sunan mijina Clarence take gani, wanda ya daɗe a kabari. Na taɓa zuwa na yi ƙorafi, aka ce mini ai suna ba ya tafiya tare da kira. Lamba ce kawai ke tafiya, sai kamfanin wanda aka kira ya duba tsohuwar rajista ya liƙa mata sunan da ya tarar. Odessa ta hana a gyara. Ta ce a bar Clarence ya riƙa gaishe ta.

"Verna, mijinki ya kira ni jiya," takan ce.

"Me ya ce?"

"Ya ce ki rage gishiri."

Lahadi ta zagayo, wayar ta sake ƙara daidai lokacin da muka zauna. Wata Lahadin ma haka. Ran nan na ajiye cokali na zuba wa wayar ido. Tun Renita tana gidan miji, a daidai wannan lokacin take kiran uwarta, in Alonzo ya kwanta barcin rana. Na kuma san gidajen nan da ake ɓoye matan da suka gudu daga duka, don 'yar ƙanwata ta taɓa zama a ɗaya. Wayoyinsu duk a ɓoye suke fita, ba suna ba lamba, don kada wani miji ya bi sawu. Kuma wa ke haddace lamba a zamanin nan? Renita ta bar wayarta da duk lambobin da ke ciki. Lamba ɗaya ce na tabbata tana cikin kanta, ta uwarta, wadda ba ta canza ba tun tana wayar bango.

"Dessa," na ce, "wane irin ɓarawo ne yake jira sai an tashi daga coci?"

Na miƙa hannu. Ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Tsoro ne ƙarara a idonta. Kafin in gama yi mata bayani wayar ta yi shiru, kuma lambar da aka ɓoye ba a iya bin ta da kira.

"Kina nufin yarinyata ce?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ita nake kifewa duk makonnin nan?"

"Mako mai zuwa za mu sani. In kina tsoro ni zan ɗauka."

Murna ta hana ta riƙe bakinta. Wendell yana shigowa da yamma ta faɗa masa, tana dariya tana share hawaye.

Lahadin da ta biyo baya ko hular coci ba ta cire ba. Ta jingina wayar da kwalbar barkono, allon yana kallon ta. Abinci ya huce a gabanmu. Rana ta yi gefe. Wayar ba ta ce uffan ba.

Na koma gida raina a jagule. Sai wani tunani ya zo mini. Na ɗauki wayata na danna tauraro, shida, bakwai, abin da ake dannawa a ɓoye lamba, sannan na kira Odessa. Ko ƙara ɗaya ba ta yi ba. Muryar wata mata ta na'ura ce ta amsa, mai sanyi kamar ruwan firji: wannan layin ba ya karɓar kiran ɓoyayyar lamba, ka bayyana lambarka ka sake kira.

Na tarar da Wendell a gareji yana gyara ƙugiyoyin kamun kifi. Da Alonzo suke zuwa kogi duk Asabar.

"Kai ka toshe?"

"Sannu, Anti Verna. Ba gaisuwa?"

"Na ce kai ka toshe?"

"Don lafiyar Mama ne. Likita ya ce a rage mata tashin hankali."

"Ka san Renita ce."

Bai musa ba. Ya ci gaba da naɗe zare. "In ita ce, ta kira kamar mutum mana. Mai gaskiya ba ya ɓoye lamba. Ta nuna inda take, a je a zauna, a yi magana kamar Kiristoci. Alonzo ya yi nadama, Anti. A gabana ya yi kuka."

"Ita ma a gabanka ta yi kuka, haƙorinta a tafin hannunta."

"Kowane aure da irin nasa. Ni ba na shiga tsakanin miji da mata."

"Amma ka shiga tsakanin uwa da 'ya."

Ya ɗago, fuskarsa a murtuke. "Wa ke nan da ita? Wa ke ba ta magani, wa ke kai ta asibiti? Ni. Waccan ta tafi ta bar ni da komai, sannan ta riƙa kira daga maɓoya ana yi mata tarba kamar sarauniya? Anti, ki tsaya a naki gefen shingen."

Mahaifin Alonzo shi ne shugaban dattawan cocinmu da ake ce wa dikon, Wendell kuma ya daɗe yana hangen kujera a cikinsu. Wannan bai faɗa ba, ni nake faɗa.

Na gaya wa Odessa komai. Ta roƙi Wendell da daddaɗar murya ya cire toshiyar, ya ce ai ya cire, Renita ce ba ta kira. Na gwada a gabanta, ta ji matar na'urar nan da kunnenta. Na ɗauka za ta tashi ta yi faɗa, don Odessa ce ta taɓa korar fasto daga kicin ɗinta. Sai ta sunkuyar da kai tana kallon ƙafafunta da suka kumbura.

"Shi ke ɗaga ni zuwa banɗaki, Verna. In ya yi fushi ya tafi fa?"

Na je shagon waya, suka ce layin da sunan Wendell yake, shi kaɗai zai iya taɓa shi. Na je wurin fasto, ya ce al'amarin iyali ne, zai sa su a addu'a. Na kira gidajen ɓoye mata da na samu lambarsu, kowanne ya ba ni amsa iri ɗaya cikin ladabi: ba za su ce tana nan ba, ba za su ce ba ta nan ba. Ban ga laifinsu ba. Abin da ke kare Renita shi ne ke raba ta da uwarta, kuma Wendell ya san haka sarai.

Sanyi ya shigo, Odessa ta fara zubewa. Ta daina zuwa coci, sannan ta daina hawa bene, aka sauko mata da gado falo. Ganyen da take dafawa ni na koma dafawa, ta ɗanɗana ta ture. Amma duk Lahadi sai ta sa na ɗaura mata ɗankwali mai kyau, ta ɗora wayar a ƙirji. In na ce me take jira, sai ta ce ba komai, wayar ce ke ɗuma ta.

Wata Lahadi dusar ƙanƙara ta hana Wendell fita. Yana tsaye yana ba ta magani wayar ta yi ƙara. Ya riga ni kai hannu. Na hango allon: lamba ce a fili, da suna a samanta, HARLAN TEAGUE. Ya ɗauka, ya saurara, fuskarsa ta canza. Ya shige kicin ya rufe ƙofa. Na bi shi da sandata, na ji yana cewa, "Tana barci. Ki faɗa mini inda kike tukuna." Kafin in tura ƙofar ya kashe.

Ya fito ya kai wayar dab da fuskar uwarsa.

"Ga 'yarki nan, Mama. Karanta. Kin ga da wayar wa take kira? Kuna ta cewa duka ne ya kore ta. To ga dukan nan, Harlan sunansa."

Odessa ta karanta sunan, leɓɓanta suna motsi. Ta sake karantawa. Mace ce da ta yi zaman aure da mutum ɗaya har ta rufe masa ido, ta kuma yarda da sunan da ke kan allo fiye da yadda ta yarda da idonta.

"Ƙarya ne!" na ce. "Dessa, in na kira ki sunan wa kike gani? Clarence! Da Clarence nake zaune? Sabuwar waya ta saya, aka ba ta lambar wani da ya daina amfani da ita, sunansa ya maƙale. Ba ni lambar nan, Wendell."

"Naki daban ne, Anti," ya ce. Ya kwafi lambar a tasa wayar, ya goge ta daga ta uwarsa ina kallo.

Da yammar nan na ga motar Alonzo a ƙofar gidan. Ba a sake ganin sunan Harlan Teague a kan allon ba.

Daga ranar Odessa ta juya fuska bango. Ba ta ƙara tambayar ɗankwali ba. Matan coci suka riƙa zuwa dubiya, sunan Harlan yana bin su daga kunne zuwa kunne, har wata ta ce ta san danginsa a garin Flint. Wendell yana karɓar su a bakin ƙofa da fuskar tausayi. "Baƙin cikin Renita ne ke kashe ta," yake ce musu, su kuma suna dafa kafaɗarsa suna sa masa albarka. Ni ina kujera a gefe, ina jin kamar in fasa masa faranti a ka. Zuciyata ta karye a falon nan, ba sau ɗaya ba.

Da jikin ya yi tsanani aka fara turo masu jinya gida. Likitanta yakan kira da wayarsa ta hannu, kuma kamar yawancin likitoci ɓoye lambarsa yake yi. Ya kira, kira ya ƙi shiga. Ma'aikaciyar jinyar ta yi wa Wendell magana a gabana, ta ce dole a buɗe layin. Ko gardama bai yi ba. Ya danna nan ya danna can, ya ce an gama. Abin da uwarsa ta roƙa tun kaka ya hana ta, ya yi wa likita kafin ruwan shayi ya tafasa.

Ranar Talata ce. Da Wendell ya fita na matsa kusa da kunnen Odessa na gaya mata an buɗe layin. Ta buɗe ido, ta daɗe tana kallona.

"Yau wace rana?"

"Talata."

"Da nisa," ta ce. Ta lumshe ido har na ɗauka ta koma barci. "Verna, na yi tunani. Ko da Harlan ɗin take, 'yata ce. Ni na haife ta, ba allo ba. Ranar Lahadi da hannuna zan ɗauka. Ko ɓarawo ne zan ɗauka, ya kwashe muryar, me zan yi da ita?"

Ta nemi ɗankwalin. Ta sha romo. Duk safiya in na shigo tambayarta ɗaya ce, yau wace rana, ni kuma in faɗa mata. Ranar Juma'a ta ce in gwada mata wurin da ake dannawa, kada hannunta ya yi rawa ta kashe a maimakon ta ɗauka. Muka yi ta gwadawa, ina kira daga wayata, Clarence yana fitowa, tana dannawa tana murmushi.

Ranar Asabar da hantsi ta cika, wayar tana kan ƙirjinta.

Washegari bayan coci gidan ya cika da mutane da kwanukan abinci, soyayyiyar kaza da taliya mai cuku har kan injin wanki. Alonzo ma ya zo da baƙar kwat, yana karɓar gaisuwa a matsayin suruki. Ina naɗe bargon gadonta, wayar tana kan ƙaramin tebur inda aka ajiye ta, sai ta yi ƙara. Ɓoyayyar lamba. Na ɗauka na shige banɗaki na murɗa makulli.

"Mama? Mama, ta shiga! Wayyo Allah, ta shiga! Mama, ni ce, kada ki kashe!"

Na zauna a bakin bahon wanka.

"Renita, Anti Verna ce."

Yarinyar ba ta da wauta. "Anti, me ya sa ke kika ɗauka?"

Na faɗa mata. Kukan da ta yi ba zan kwatanta shi ba, ba na kuma fatan kowa ya ji irinsa. Da ta ɗan samu numfashi maganar ta riƙa fitowa a gutsure. Ba Lahadin da ta tsallake. Duk mako sai ta kira, matar na'ura ta ce ta bayyana lambarta, ita kuma ba za ta iya ba, don akwai wasu mata da yara a gidan. Shi ya sa ta sayi 'yar ƙaramar waya. A yammar ranar Alonzo ya kira ta a kai, ya faɗa mata sunan garin da take, don farkon lambar ya nuna masa yankin. Dole ta jefar da wayar, aka mayar da ita wani gari.

"Wa ye Harlan Teague?" na tambaye ta.

"Wa?"

"Ba komai, 'yata."

"Anti, ta san ni ce? Ko ta tafi tana ganin na manta da ita?"

"Ta sani. Yau take jira. Ta ce da hannunta za ta ɗauka."

Na karanta mata lambata, na sa ta maimaita har ta zauna mata. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, Wendell ne da faranti a hannu, Alonzo a bayansa. Idon Wendell ya yi ja, don ya yi kukan uwarsa, ba zan hana shi wannan ba. Ya dubi wayar a kunnena.

"Ita ce?" ya ce a hankali. "Anti, ki ce ta zo jana'iza. Ki tambaye ta tana ina, a je a ɗauko ta."

Uwarsa tana kwance a wurin masu shirya gawa, shi kuma har yanzu adireshi yake nema.

Mutane suna cewa Wendell ya yi ƙoƙari, kuma gaskiya ne ya ɗaga ta, ya wanke ta, ya ba ta magani a kan lokaci. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Abu ɗaya kawai ya danna a waya, ya mai da tsohuwa mai ciwon zuciya ƙugiyar kamo ƙanwarsa, ya bar ta tana lissafin ranaku. Dikon ne yanzu. Ranar jana'iza shi ya yi jawabi, ya ce uwarsa ta tafi tana jiran kiran da bai zo ba, coci ta amsa da amin.

A bakin banɗakin nan ban tsaya yi masa wa'azi ba. Na cire wayar daga kunnena na juya masa allon, shi da abokinsa, don su karanta da kyau. Ba suna, ba lamba.

"Ba ita ba ce," na ce. "Ɓarawo ne. Kai ka ce kada a kula su."

Na rufe ƙofar, na mayar da wayar kunnena. Renita tana can tana kuka a wani gari da ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Ta ce in ɗora wayar a kan filon uwarta ko na ɗan lokaci, akwai abin da ta tanada za ta faɗa mata tun kaka. Na fita ta tsakiyar mutanen nan da farantansu, na ɗora ta a kan filon, na tsaya a gabansa don kada kowa ya taɓa.